Na Ce Masa Mummuna

Litinin, 4 ga Afrilu 1994, da hantsi

Ban fita zaure ba yau. Zafi ya yi yawa, ƙafar hagu kuma ta kumbura. Abin da zan faɗa ke nan in wani ya tambaya.

Ana kwasar albasa daga fadama, jakuna na bi ta bayan ɗakina, warinta ya cika Aliero. Kullum Usmanu maƙwabcina yakan tsaya ya jefo mini 'yan ƙwara ya ce a sa a miya, alhali ya san miyar daga gidansa take fitowa. Yau na ji muryarsa yana korar jaki, ya wuce. Ƙila sauri yake yi.

Litinin, bayan la'asar

Jaririn Tasalla, matar Usmanu, yana kuka tun azahar. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nata, ba abin da ba na ji. Jarirai suna kuka. Ba yau aka fara ba.

Talata, 5 ga wata, da azahar

Kwanon tuwo bai zo ba jiya, koko ma bai zo ba da safe. Tun rasuwar matata A'i, Azumi uwar Usmanu ce ke miƙo mini ta inda katanga ta zube, tana tsokanata wai ango mai ci bai yi noma ba. Na jiƙa gari na sha. Ya ishe ni.

Gara in rubuta abin da ya faru ranar Asabar yadda ya faru, tun ban soma gyara shi a raina ba.

Tasalla ta dawo daga Alelu, gidan iyayenta, inda ta yi wankan jego. Waɗanda ta haifa kafin wannan duk ta binne su tun ba a yaye su ba, shi ya sa aka kai ta can. Azumi ta kawo mini yaron zaure in sa masa albarka, mata suna biye da ita, suka tsaya bakin ƙofa. Sunansa Yusuf. Na karɓe shi. Ban taɓa ganin jariri mai kyau irinsa ba, jajir, gashi kwance, ido kamar na ɗan barewa. Ya kama yatsana ya riƙe. Sai tsoro ya kama ni.

Na ce mummuna ne, ba mai son wannan. Na shafo baƙin gindin butar shayina na ɗiga masa a goshi. Na yi ta maimaita kalmar nan ta mutanen Mangoliya, muhai, muhai, ina duban sama. Niyyata in yi musu bayani nan take. Tari ya sarƙe ni. Kafin ya sake ni Azumi ta fizge yaron, tana goge goshin da bakin zanenta tana neman tsari, matan sun watse.

Ranar Lahadi ya tashi da zawo.

Laraba, 6 ga wata, da almuru

Kwanon bai zo ba. Ban ji yunwa sosai ba.

Alhamis, 7 ga wata, da hantsi

Wa zan yi wa bayanin? Duk garin nan an gaji da labarina na Mangoliya. Tun ina malamin dabbobi nake ba da shi, a ofis, a rugage, a wurin suna, har aka laƙaba mini Mai Tozo Biyu saboda raƙuman can. Da farko ana sauraro, daga baya ana dariya, yanzu in na buɗe baki sai samari su tuna suna da aiki.

Amma na je. Shekara ashirin ke nan. Bayan kwas ɗinmu a Rasha aka ɗebi wasu daga cikinmu mu ga yadda makiyayan can ke kiwo. Motarmu ta karye a bakin hamadar Gobi, direba ya ari doki ya tafi neman ƙarfen da ya karye, aka bar ni da tafinta a gidan wani makiyayi mai suna Dorji. Gida ne na zagaye, da gashin tumaki aka yi shi, ana kwance shi a ɗora wa raƙumi kamar yadda Fulani ke kwance bukka. Wuta da busasshen kashin dabba, shayi da madara da gishiri. Ƙasar ba itace ko na rataye gora. Ka duba ko'ina, fili ne har inda ido ya gaji, tsakuwa da guntuwar ciyawa, sama kuma ta sauko ta kife a kai kamar ƙwarya.

Ranar da na sauka aka miƙo mini jaririn gidan, kumatu jajaye kamar an shafa masa jan baki. Na ce kyakkyawa ne. Tafinta bai fassara ba, amma tsohuwar gidan ta karanta a fuskata. Ta ƙwace shi, ta tofa yawu gefe, ta shafo baƙin tukunya ta ɗiga masa a goshi. Sannan ta kama haɓata da yatsun nan nata masu ƙarfi kamar na maƙeri, ta sa ni in ce muhai, ma'ana mummuna. Na faɗa, ta ce in sake, har duk gidan aka fashe da dariya. Tafinta ya ce a wurinsu abin da ke ɗauke yara yana kasa kunne, inda ya ji yabo nan yake sauka. Shi ya sa suke ce wa jariri mummuna, suke sa masa sunan da ba za a yi sha'awarsa ba. Wannan yaron sunansa Enebish, wato Ba Wannan Ba. Yayarsa kuma Babu Suna.

Na tuna Ajuji da Ayashe da Bawa na garinmu. Na yi tafiyar da ba wanda ya taɓa yi a zuriyarmu, na tarar da uwaye suna yi wa mutuwa dabara iri ɗaya da ta iyayenmu. 'Ya'yan tsohuwar nan kuwa duk sun rayu. Namu da A'i ba wanda ya zauna, kuma duk na yabe su.

Abin da na so in faɗa wa Azumi ke nan.

Juma'a, 8 ga wata, bayan an sauko

Na lallaba da sanda na je masallaci. An cika maƙil, mutane har rana, amma ni na samu wuri. Dama da ni akwai filin mutum ɗaya, hagu ma haka. Liman ya ce a daidaita sahu a toshe ɓaraka. Ba wanda ya matso.

Da aka sallame na miƙa wa na kusa hannu, ya ba ni kan yatsu, idonsa yana kan ɗansa da ke bayansa.

Na san kalmar da ake faɗi. Ba zan rubuta ta ba.

Asabar, 9 ga wata, da la'asar

Kukan ya sauya. Da yana da ƙarfi, yanzu kamar na ɗan akuyar da uwarsa ta ƙi. Na san wannan kukan. Na ji shi a garke fiye da yadda zan iya tunawa, ruwan jiki ne ke ƙarewa.

Lahadi, 10 ga wata, da azahar

Mamman taubashina ya zo daga Sabiyal a kan kekensa, da fura a gora. Shi kaɗai ya shigo har ɗaki. Ya tsaya a ƙofa ya riƙe ƙirjinsa ya ce in yi masa rai, kurwarsa ta tsufa, ba ta da maiƙo, sai ƙashi.

Ban yi dariya ba. Ya zauna, ya dama furar da kansa, ya tsare ni har na sha.

Ya ce labarin ya kai Sabiyal tun ranar Laraba. Usmanu ya ɗauko wani mai magani daga Kuberi, ya yi turare, ya ce wanda ya kama kurwar yaron ba nisa yake ba, kuma ya sha ruwan wata ƙasa. Na ce ai wannan ko jakin Usmanu zai iya faɗa. Ya ce jakin bai shafa wa ɗan mutane baƙin tukunya ba.

Na ba shi labarin tsohuwar Gobi. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya girgiza kai.

"Kalilu, da mummuna kaɗai kac ce, wa za ya kula? Wasan kakanni na, ni ma haka nika ce ma jikokina. Amma kai ba ka yi dariya ba. Kad ɗaga kai sama kana wani yare, kas sa mai alama ga goshi kamar ragon da anka zaɓa. Kuma kai na mutumin da yac ce da bakinai ya ci naman doki, ya yi salla yana kallon yamma."

Na ce can alƙibla yamma take, ƙasar tana gabas da Makka.

"Awo. Tahi ka hwaɗa ma Azumi."

Ya ƙara da cewa ana lissafa A'i da yaranmu. Wai ina suka tafi, ni kuma na saura. Wannan bai faɗe shi da wasa ba, kuma bai dube ni ba.

Litinin, 11 ga wata, da hantsi

Na je ƙofar gidan Usmanu. Na yi sallama har muryata ta dushe kafin ya fito. Na ce masa maɗigar yaron za ta faɗa in ba ta riga ta faɗa ba, a tafasa ruwa a sa gishiri kaɗan da sukari a riƙa ɗiga masa, kuma a kai shi asibitin Jega yau, a ƙara masa ruwa. Ya tsaya kansa a ƙasa yana ce mini to Baba, to Baba. Usmanun nan ni na yi wa babansa rakiya ranar ɗaurin aurensa.

Azumi ta yi magana daga bayan zana. Ta ce ba su karɓar magani daga hannun da ciwo ya fito, kuma allura ba ta taɓa maido da kurwa ba, ƙarasa yaro take yi. Ta tambayi Usmanu yaya aka yi na san maɗigar ta faɗa alhali ban ga yaron ba.

Na dawo. A hanya wata mata ta ja 'yarta ta rufe mata fuska da mayafi.

Talata, 12 ga wata, da almuru

Maye. Ga ta nan na rubuta.

Laraba, 13 ga wata, da hantsi

Na kasa tashi sallar asuba a tsaye. Gari ya kusa ƙarewa, kuma ba na son in fita saye.

Ina kwance sai na ga kaina a ranar da guguwa ta watsa dawakin Dorji. Muka fita nema, shi a doki, ni a raƙumi, an cusa ni tsakanin tozayen biyu kamar kaya. Da rana ta yi tsaka iska ta taso da ƙanƙara mai laushi kamar gari, ta rufe komai. Na daina ganin Dorji, na daina ganin kan raƙumin da nake kai. Na yi kira, iska ta mayar mini da muryata cikin baki. Na ce yau ɗan Aliero zai mutu inda ba mai yi masa salla, kyarkeci ya yi masa sutura. Na saki akala don hannuna ya daina riƙo. Raƙumin ya yi ta tafiya abinsa, ni ina ta salati, har na ji haushin karnuka. Wani gida ne daban, ba su taɓa ganina ba, ƙila ba su taɓa ganin baƙin mutum ba. Ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne. Suka sauke ni, suka cire mini takalma, wani dattijo ya sa ƙafafuna cikin rigarsa a kan cikinsa har suka dawo da ji.

Ban san me ya sa nake tuna wannan ba. Mutanen nan ba su san Allah yadda muka san shi ba. Ba ina cewa sun fi mu ba ne. Azumi ta ciyar da ni shekaru, ba ta taɓa gori ba.

Ni na jawo. Wa ya aike ni? Tubarkalla kawai zan ce, kalma ɗaya da kowane yaro ya sani, in miƙa musu ɗansu. Sai na ga lalle in nuna na je wani wuri.

Alhamis, 14 ga wata, bayan azahar

Usmanu ya zo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa kamar mai neman aure. Ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce shi bai ce ni ne ba, Allah ya sani bai ce ba, amma mai magani ya ce in na tsallaka yaron zai tashi. Ya ce ba da sanin mutum ake yin abin ba wani lokaci, ana gadonsa, ko a sha shi a ruwa a baƙuwar ƙasa. Don Allah don Annabi in taimaka.

Na san me tsallakawa take nufi. Wanda bai kama ba ba ya saki. In na ɗaga ƙafa na ƙetare yaron nan a gaban jama'a, na sa hannu ke nan, ni da A'i da ke kabari da duk wanda ya haɗa jini da ni.

Na yi masa faɗa. Na ce ni na yi makaranta tun ubansa yana yawo ba wando, na yi wa shanun lardin nan allura har cutar bushiya ta ƙare, ba za a tuɓe ni a tsakar gida saboda wani mai turare ba. Na ce ya je ya tambayi Liman in akwai wannan a littafi. Ya ce ya tambaya, Liman ya ce babu, amma Liman ba shi ke kwana da kukan ba.

Ya tashi ya tafi yana share ido da hularsa. Na yi gaskiya a duk abin da na faɗa. Ban taɓa jin kunyar gaskiya irin ta yau ba.

Juma'a, 15 ga wata, da hantsi

Ba kuka. Tun safe nake kasa kunne. Na ji tari, na ji turmi, ban ji shi ba.

Juma'a, da la'asar

Ban je masallaci ba. Lokacin da maza suka tafi na ji ana kiran Baba a hankali ta inda katanga ta zube. Tasalla ce. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yi mini magana da ta wuce gaisuwa ba. Ban ga fuskarta ba, sai yatsunta a kan katanga.

Na tambaye ta yaron. Ta ce yana numfashi, amma ya daina kama nono, idonsa ya shige. Ta ce ita ta so Jega tun ranar Litinin, ta ji abin da na faɗa, amma Inna ta rantse ba a fita da shi sai an maido da kurwarsa, Usmanu kuma ba ya ƙetare maganar uwarsa.

Na soma ba ta labarin tsohuwar Gobi. Ta katse ni.

"Baba, ban san ko kai na ba, ko ba kai na ba. Ba ni da ƙarhin sani. In ka tsallaka, Inna za ta bari a tahi da shi. Shi kaɗai nika roƙo."

Na ce ta san abin da za a kira ni har in mutu?

Ta ce ta sani.

Ta fi Usmanu. Shi ya ce mini ba komai ba ne.

Asabar, 16 ga wata, da azahar

An yi.

Na aika aka kira Mamman tun da safe. Na ce wa Usmanu sharaɗina ɗaya, motar Jega ta tsaya a ƙofar gida da injinta a kunne kafin in shiga, kuma Azumi ta faɗa da bakinta a gaban mutane cewa daga tabarma sai mota. Ta faɗa. Ba ta dube ni ba.

Tsakar gidan ta cika, har kan katanga. Ban san unguwar nan tana da mutane haka ba. Mai maganin Kuberi ya faɗi suturar da zan cire. Ba zan rubuta ba. Mamman ya ce a bar wa tsoho wani abu, mutane su ji tsoron Allah, aka bar mini wani abu. Jikina duk ƙashi, ban san haka na koma ba sai da na ga ana kallo.

Aka shimfiɗa yaron a tabarma. Ya koma kamar ɗan tsakon da ya faɗo daga sheƙa. Abin da na ji tsoro a lokacin ba mutane ba ne, ƙafar hagun nan ce, kada ta ci amanata in faɗa masa. Mamman ya riƙe ni ta hammata, yana raɗa mini wai in ɗaga da kyau, mutumin da ya hau raƙumi mai tozo biyu ba ya kasa ƙetare ɗan jariri. Na ƙetare, na juyo, na sake, har mai maganin ya ce ya isa. Wata tsohuwa ta yi guɗa, aka hana ta.

Tasalla ba ta jira kowa ba. Ta sure shi ta yi waje ko mayafi ba ta gyara ba, Usmanu ya bi ta a guje. Na ji tashin motar ina neman hannun rigata.

Lahadi, 17 ga wata

Ban fita ba.

Talata, 19 ga wata, da hantsi

Ba labari. Gidan shiru, Azumi ma ta bi su.

In ya mutu za a ce na ƙi saki da gaske. In ya rayu za a ce na saki. Na juya abin ta kowane gefe kamar mai gasa masara, kuma na san wanda nake roƙo. Ina roƙonsa a kowace sujada. Amma akwai wani lungu a zuciyata da ya ce, in Allah ya karɓi abinsa a asibiti ƙila a gane ciwo ne kawai. Na ji wannan muryar jiya. Na yi istigfari har na gaji. Mutumin da zai iya jin wannan, me ya rage a kira shi?

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

Mamman ya dawo daga kasuwar Jega ya biyo. Ya leƙa asibitin. An sa wa yaron ruwa ta jijiyar kai don ba a samu ta hannu ba, ma'aikaciyar ta yi wa Usmanu tatas, ta ce da sun ƙara yini da gawa za su kawo. Jiya ya kama nono.

Na juya fuska bango. Mamman ya ce in kuka zan yi in yi, shi ba ya gaya wa kowa maye na kuka, kasuwata za ta faɗi.

Na tambaye shi ko Azumi ta ji abin da ma'aikaciyar ta ce. Ya ce ta ji, har ta amsa mata. Ta ce ai da ba a tsallaka ba ruwan ba ya shiga.

Asabar, 23 ga wata, da almuru

Sun dawo. Yaron yana kuka, mai ƙarfi, irin na mai jin yunwa. Na zauna jikin katanga ina saurare har aka kira salla.

Lahadi, 24 ga wata, da hantsi

Usmanu ya zo da cinyar rago a cikin ganye. Wannan karon bai shigo ba, a bakin zaure ya durƙusa. Na ce ya shigo, ya ce nan ma ya yi.

Na yi niyyar in tambaye shi me likita ya ce, ya faɗa da bakinsa. Ya riga ni.

"Baba, mun gode da kas sake shi. Allah shi saka. Wani da ba ya saki."

Ya ce in ina sha'awar nama ko wani abu, kowane lokaci, in faɗa masa kawai, kada in ji nauyi, kada in bari sha'awar ta daɗe a raina. Yana faɗa yana kallon bakina.

Ga bayanin nan a kan harshena, tsohuwar, baƙin tukunya, Ba Wannan Ba. Na dube shi. Ya rame, idonsa ja, mutum ne da aka maido wa ɗa. In na ce ban kama ba, na ce masa ke nan shi da uwarsa suka kusa kashe shi da jira.

Na ce ba komai, Allah ya raya.

Laraba, 27 ga wata, da azahar

Na fita zaure. An gama kwasar albasa, an soma sharar gona. Duk wanda ya wuce sai ya gaishe ni, har da rusunawa, daga ɗaya gefen hanya. Mai unguwa da bai taɓa tako ƙofata ba ya aiko a tambayi lafiyar ƙafata. Ba a biyo da yara ta nan kuma, an sauya musu hanyar makaranta.

Tasalla ta wuce da goyo za ta awo, ta lulluɓe shi har kai. Ta rage tafiya, ta ce ina wuni Baba. Ba ta tsallaka ɗaya gefen ba. Ba ta kuma buɗe shi ba.

Juma'a, 29 ga wata, bayan almuru

Na fito alwala na tarar da kwanuka jere a bakin zaure, ban ga wanda ya ajiye ba. Na gane na gidan Usmanu. Sauran ban san su ba, sai dai na san gidajen da ke da jarirai a unguwar nan, kuma lissafin ya yi daidai. Tuwon shinkafa, dambu, wani har da kan kaza. Tun da A'i ta rasu ban ga abinci haka a ɗakina ba.

Na ce ba zan taɓa ba. Na shigo da su don kada karnuka su ɓata, na jera su, na zauna ina kallo. Na san abin da kowane kwano yake roƙo.

Na ci. Na fara da mai naman. Allah ya gafarta mini, da daɗi.